Tara Kyawawan Bugu a Rai: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙarfin Zuciya a Wasan Golf

Wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, yakan ci wa mutum kusan awa huɗu kafin ya zagaye ramuka 18. Amma in ka tattara lokacin da sanda ke motsi a hannunka, ba zai kai minti biyar ba, domin ɗaga sanda da sauke ta a kan ƙwallo bai cika daƙiƙa biyu ba. Sauran lokacin duk tafiya ce da jira da saƙar zuci. Na daɗe ina wannan wasa, kuma na ga mutanen da hannunsu ya iya amma zuciyarsu take kayar da su. Ga tambayoyin da aka fi yi mini game da hanya guda ta gyara wannan, wato amfani da tunanin kyawawan bugun da mutum ya taɓa yi.

Me ake nufi da tara kyawawan bugu?

Ana nufin ka zama mai ajiya. Duk sanda ka buga ƙwallo ta tafi yadda ka so, sai ka tsaya ka riƙe abin da ya faru: ƙarar da sanda ta yi, abin da ka ji a tafin hannunka, hanyar da ƙwallon ta bi a sama, da inda ta sauka. Wata rana za ka tsaya gaban irin wannan bugu, gabanka na dukan uku-uku, ruwa a gaba, abokan wasa sun yi tsit suna kallonka. A nan ne za ka ɗauko wancan na ajiya ka sa shi a gaba, jikinka ya bi shi.

Ana ba da labarin Fred Couples, wanda ya ci Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf, a 1992, cewa in ya zaro sanda daga jaka yakan tuna bugu mafi kyau da ya taɓa yi da ita, sannan ya buga. Abin bai wuce haka ba. Wahalarsa ita ce yawancinmu taskarmu a cike take da akasin haka.

Me ya sa mummunan bugu ya fi daɗewa a raina?

Haka aka halicci ƙwaƙwalwa. Abin da ya zo da tsananin ji, ko tsoro ko kunya ko fushi, shi take yi wa alama ta ajiye a kusa. Lokacin da rai ya ɓaci jiki na sakin sinadarai irin su adiranalin, kuma ɓangaren ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala yana ƙarfafa ajiyar abin da ya faru a wannan lokaci. A 2001 Roy Baumeister da abokan aikinsa sun tattara bincike masu yawa a kan halayyar ɗan Adam, suka nuna cewa mummunan abu ya fi kyakkyawa nauyi a zuciya ko da girmansu ɗaya ne.

Sai kuma abin da muke ƙara wa kanmu. Ka lura da ɗan wasa in ya yi kyakkyawan bugu: ƙwallo ba ta ma sauka ba ya sunkuya ya ɗauki tsinken da ya ɗora ƙwallon a kai, ya mayar da sanda jaka, fuska ba yabo ba fallasa. To bari ta faɗa ruwa. Zai yi tsaki, ya doki ƙasa, ya bayyana wa kowa abin da ya faru, ya sake kwaikwayon kuskuren sau biyu, ya tafi da shi har rami na gaba, da dare kuma ya ba iyalinsa labari. Kyakkyawan ya samu daƙiƙa ɗaya, mummunan ya samu yini guda da maimaici biyar. Wanne kake zaton zai fara zuwa ranar da ya koma wannan rami?

Wannan ba yaudarar kai ba ce? Ai na san ba kullum nake buga mai kyau ba.

Wannan ce tambayar da na fi so, domin mai yin ta yana da gaskiya rabi.

Bob Rotella, masanin halayyar 'yan wasa ɗan Amurka da ya yi aiki da manyan 'yan golf da yawa, yakan ba da labarin Jack Nicklaus a wani taro. Nicklaus ya ce bai taɓa ɓarar da gajeren turi, wato gangara ƙwallo a ƙasa zuwa cikin rami, a ramin ƙarshe na gasa ba. Wani cikin masu sauraro ya miƙe ya ce shi kam ya gani da idonsa a talabijin. Nicklaus bai janye maganarsa ba. Mutumin da ya ci manyan gasa 18, fiye da kowa a tarihin maza, ya ɓarar da turi kamar kowa. Abin da ya yi shi ne bai ba waɗannan turin masauki a ransa ba.

Amma kafin kowane bugu akwai aiki biyu, kuma haɗa su wuri guda shi ke jawo asara. Na farko zaɓi ne: wace sanda, ina zan nufa, zan tsallaka ruwan ko zan tsaya kafinsa. Wannan aikin lissafi ne, kuma da matsakaicin bugunka ake yin sa. In ƙarfenka mai lamba 7, wato sandar ƙarfe mai wannan lamba, yakan kai yadi 140 a yawancin lokaci, kada ka zaɓe shi don tsallaka ruwa mai yadi 155 saboda wata rana iska ta taimake ka ya kai. Wanda ya yi haka shi ne ya yaudari kansa. Aiki na biyu shi ne bugun kansa. Da zarar ka gama zaɓi ka tsaya kan ƙwallo, lissafi ya ƙare, babu sauran amfanin tuna sau nawa ka kuskure. A nan kake buƙatar hoton mafi kyawun bugunka, kuma wannan hoton ba ƙage ba ne, kai ka buga shi da hannunka.

Akwai hujjar ilimi a kan wannan, ko zancen masu horarwa ne kawai?

Akwai. A 1977 Albert Bandura, malami a Jami'ar Stanford, ya bayyana abin da ke sa mutum ya yarda zai iya wani aiki. Ya kawo tushe huɗu: nasarar da mutum ya taɓa samu da kansa, ganin wani irinsa ya yi, ƙarfafawar baki, da yanayin da jiki yake ciki. Na farkon ya fi sauran ƙarfi. Kalmar "za ka iya" daga bakin aboki tana da daɗi, amma ba ta kai "na taɓa yi" ba. Sai dai nasarar da ka manta da ita ba ta yi maka wannan aiki, shi ya sa ajiyar take da muhimmanci.

Ta ɓangaren hoton zuci kuma, bincike ya nuna cewa idan mutum ya suranta motsi a ransa, sassan ƙwaƙwalwa da ke tsara motsi suna aiki kusan irin yadda suke yi lokacin motsin gaske. Paul Holmes da Dave Collins sun ba da shawara a 2001 cewa surantawa ta fi amfani in ta yi kama da ainihin abin: a tsaye, sanda a hannu, da saurin da ake yin bugun, da irin jin da ke tare da shi. Bugun da ka taɓa yi yana zuwa da duk waɗannan a shirye. Nicklaus ma ya sha faɗin cewa ba ya buga ƙwallo, ko a wurin atisaye, sai ya fara ganin bugun sarai a ransa.

To yaya ake ajiyar? Ina son bayani dalla-dalla.

Kashi na farko a fili ake yin sa, cikin daƙiƙa goma bayan bugu. Kada ka yi saurin sauke sanda. Tsaya a yadda ka ƙare, ka bi ƙwallon da ido har ta daina motsi. Ka bar daɗin ya ratsa ka. Yi murmushi, ko ka dunƙule hannu, ko ka ce wa kanka "madalla" a hankali. Wasu suna jin nauyin yin haka, suna ganin kamar fahariya ce. Ba sai kowa ya gani ba, amma dole jiki ya ji, domin jin ne ke manna abin a ƙwaƙwalwa. Pia Nilsson da Lynn Marriott, waɗanda suka yi aiki da Annika Sörenstam, matar da ta zagaye fili da bugu 59 kacal a gasa a 2001 (a golf mai ƙarancin bugu ne ke nasara), suna koyar da haka: kyakkyawan bugu a karɓe shi da farin ciki, mummuna a kalle shi ba tare da tashin hankali ba.

Kashi na biyu da dare ne. Ka samu ƙaramin littafi ka rubuta bugu uku mafi kyau na ranar. Kada ka rubuta "na yi mai kyau a rami na 6", wannan ba zai dawo maka da komai ba bayan wata guda. Ga irin abin da ke cikin nawa:

"Rami na 12, yadi 148, ruwa a gaba da dama. Iska kaɗan daga hagu, tana taɓa kumatuna. Ƙarfe 7. Na nufi ƙaramin reshe da ya fito saman bishiyar da ke bayan tuta. Riƙo sako-sako. Ban ji nauyin ƙwallo ba ko kaɗan, sai wata 'yar ƙara mai kauri, tas. Guntun ciyawa ya tashi gaban inda ƙwallon take. Ta hau sama a miƙe, ta ɗan karkata dama, ta sauka taku huɗu daga rami, ta yi tsalle ɗaya ta zauna."

Shekaru sun wuce da wannan bugu, amma ko yanzu da nake kwafe shi ina jin sa a yatsuna. Na ɗauko shi a filaye daban-daban, duk inda ruwa ya tare gabana da wannan sanda a hannu.

Bayan ka rubuta, rufe ido ka sake buga ukun sau ɗaya-ɗaya kafin ka yi barci. Barci na daga cikin lokutan da ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da ta koya da rana.

Wane irin bugu ne ya cancanci ajiya?

Wanda aka yi shi da kyau, ko da sakamakon bai zo daidai ba. In ka daki ƙwallo da gefen sanda ta buga bishiya ta dawo kusa da rami, ka gode wa sa'a, amma kada ka ajiye, babu abin da jiki zai koya a ciki. In kuwa ka buga tsaf iska ta kwashe ta zuwa ramin yashi, wannan naka ne, ajiye shi.

Ka yi ƙoƙari kowace sanda ta samu nata. Doka ta yarda da sanduna 14 a jaka, to a ce kowace tana da bugu ɗaya da aka san ta da shi. Ka ƙara da na yanayi: na fita daga yashi, na ƙarƙashin bishiya, na bugun farko a rami na ɗaya lokacin da mutane ke kallo. Waɗanda na fi daraja su ne waɗanda na yi ina cikin tsoro, domin su ne shaidar cewa hannuna na iya aiki ko da ƙirjina na bugawa.

Ni sabon shiga ne. Ba ni da kyawawan bugun da zan tara.

Kana da su. Ko wanda ke zagaye fili da bugu 110 yana da uku ko huɗu da suka fito daidai, kuma su ne ke dawo da shi mako mai zuwa. Ka auna da kanka, kada ka auna da na talabijin. Ƙwallon da ta tashi sama ta tafi gaba yadi 100 kyakkyawan bugu ce ga wanda jiya take birgima a ƙasa.

Wani abu da yake burge ni: tsarin auna matsayin 'yan wasa na duniya, wanda R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin golf, suka fara aiki da shi a 2020, yana duba zagaye 20 na ƙarshe da mutum ya yi, ya ɗauki takwas mafi kyau, da su yake lissafi. Hukuma ma da ranakunka masu kyau take sanin ko kai wane ne.

A wane lokaci zan ɗauko hoton? Ba zan ɓata wa mutane lokaci ba?

Ba zai ɓata ba in ka saba. Dokokin da aka sabunta a 2019 suna ƙarfafa ɗan wasa ya yi bugunsa cikin daƙiƙa 40, kuma wannan aiki bai fi daƙiƙa uku zuwa biyar ba. Ka tsaya bayan ƙwallo kana fuskantar inda za ta. Ka gama zaɓin sanda da wurin nufi. Sannan ka kira bugun ajiya, ka yi gwajin lilo sau ɗaya da irin saurinsa, ka taka zuwa ƙwallo, ka kalli wurin nufi, ka buga. Kada ka daɗe a kanta. Tsayuwar da ta wuce kima ƙofa ce da shakka ke shigowa ta ciki.

Abin da za ka guje wa shi ne mayar da hoton darasi, wato ka fara tambayar ina gwiwar hannuna take a wancan bugu, yaya kugu ya juya. Binciken Sian Beilock a kan masu turi ya nuna cewa ƙwararre in ya koma sa ido a kan kowane sashe na motsinsa, wasansa lalacewa yake yi. Gabriele Wulf ma ta nuna cewa mayar da hankali kan abin da ke waje, kamar wurin nufi ko tafiyar ƙwallo, ya fi mayar da shi kan gaɓoɓi. Ka ɗauki bugun a dunƙule, da ƙararsa da saurinsa.

Ina ƙoƙarin ganin mai kyau, sai hoton ƙwallo tana faɗawa ruwa ya faɗo mini. Me zan yi?

Kada ka yi kokawa da shi. Daniel Wegner ya gwada wannan a 1987: ya ce wa mutane kada su yi tunanin farar dabbar beyar, sai tunanin ya yi ta dawo musu. Daga baya shi da abokan aikinsa suka gwada da turin golf, suka ce wa mutane kada su wuce wurin da aka nuna, sai aka ga waɗanda hankalinsu ke ɗauke da wani nauyi sun fi wucewa. Wanda ke ce wa kansa "ban da ruwa, ban da ruwa" ruwan yake ta kallo.

In hoton ya zo, ja da baya daga ƙwallo. Yi numfashi mai tsawo, ka saki a hankali. Ka amsa cewa ruwan na nan, ka riga ka sa shi a lissafi lokacin zaɓin sanda. Sai ka ba ido wani ƙaramin abu ya riƙe, reshe ko tabo a ciyawa, ka sake kiran bugun ajiya. Ja da baya ba abin kunya ba ne, manyan 'yan wasa na yi a gaban dubban mutane. In kuma ka ja baya sau biyu hoton bai tafi ba, wataƙila zuciyarka na gaya maka zaɓin ne bai yi ba. Sauya sanda, ka nufi wuri mafi faɗi.

Mummunan bugun fa, in yi kamar bai faru ba?

A'a. Ka tambaye shi abu ɗaya: me ya jawo? Sanda ce ba daidai ba, ko gaggawa, ko ban yanke shawara ba na buga? In ka samu amsa, yi lilo ɗaya a gefe irin wanda ka so yi, domin abin da jiki ya ji na ƙarshe ya zama daidai. Daga nan ka mayar da sanda jaka, zancen ya mutu. Gyaran hannu na filin atisaye ne. Ana danganta wa Walter Hagen cewa yakan shiga fili yana sa ran munanan bugu bakwai, saboda haka in ɗaya ya zo ba ya ɗaga masa hankali, ɗaya ne daga cikin bakwai.

Tarihin wasan cike yake da waɗanda suka sha kaye mai zafi suka tashi. A gasar Masters ta 2011 Rory McIlroy ya shiga ranar ƙarshe yana gaba da bugu huɗu, ya watse ya buga 80. Bayan wata biyu ya ci US Open da ratar bugu takwas. A 2024 ya ɓarar da gajerun turi biyu a ramuka uku na ƙarshe na US Open, kofin ya tafi hannun Bryson DeChambeau da bugu ɗaya. A Afrilun 2025 ya koma Ogasta, filin da ya kunyata shi shekara 14 baya, ya ci Masters bayan karon raba gardama da Justin Rose. Bernhard Langer ya kuskure turin ƙafa shida da ya yanke hukuncin Kofin Ryder, gasar da ake yi tsakanin Turai da Amurka, na 1991, mako ɗaya bayan nan ya ci gasa a ƙasarsa Jamus. Ba na jin ɗayansu ya manta da abin da ya same shi. Abin da na gani shi ne ba su bar shi ya zama hoton da suke tsayawa da shi kan ƙwallo ba.

A wajen turi na fi shan wahala. Ko gajere ne hannuna rawa yake.

Fara da gyara abin da kake tsammani. Ƙididdigar Mark Broadie ta nuna cewa ƙwararrun PGA Tour, jerin gasannin ƙwararru na Amurka, kusan rabin turinsu kawai ke shiga rami daga nisan ƙafa takwas. Kai kuma in ka kuskure daga nan sai ka rubuta wa kanka laifi. Yawancin munanan tunanin da mutane ke ɗauke da su a kan turi, abubuwa ne da ba kuskure ba ne tun farko.

Tsoron asara na taɓa kowa a nan. Devin Pope da Maurice Schweitzer sun bincika turi fiye da miliyan 2.5 na ƙwararru, suka wallafa a 2011 cewa daga nisa iri ɗaya, 'yan wasa sun fi jefa turin da zai hana su asarar maki fiye da wanda zai ƙara musu. Har Tiger Woods bai tsira daga wannan ba. Ma'anar da ka ɗora wa turi tana sauya yadda hannu ke tafiya.

Ga abin da nake ba da shawara. Kafin ka fita zagaye, tura ƙwallo goma cikin rami daga ƙafa biyu ko uku. Ka saurari ƙarar faɗawarta cikin rami, wannan ƙwal ɗin. Faɗin ramin inci huɗu da kwata ne, ya fi faɗin ƙwallo sau biyu da rabi, kuma ido na buƙatar ya ga haka sau da yawa. Kada turin ƙarshe da za ka yi kafin ka tafi rami na ɗaya ya zama wanda ya kuskure.

Akwai rami guda a filinmu da kullum yake kayar da ni.

Kusan kowa na da irinsa. Hanya biyu ce. Ko ka yi aron bugu daga wani wuri, ka tsaya a wannan rami kana buga wancan da ka yi a fili daban da sanda iri ɗaya. Ko ka sauya yadda kake buga ramin gaba ɗaya, ka ɗauki gajeriyar sanda, ka nufi wani wuri, domin tsohon hoton ya rasa inda zai kama. In ka samu dama da yamma fili ba kowa, je ka buga ƙwallo biyar daga wurin har ɗaya ta fito yadda kake so, ka tsaya ka kalle ta sosai, ka rubuta ta a daren.

Bidiyon waya zai taimaka?

Zai taimaka in ka tara masu kyau kaɗai ka riƙa kallo kafin wasa. Amma bidiyo daga waje yake nuna ka, kuma yana saurin jawo mutum ga neman aibi. Rubutun hannu ya fi riƙe abin da ka ji daga ciki.

Hirar bayan wasa tana da tasiri?

Sosai, kuma ba a cika lura da ita ba. Ka zauna da 'yan wasa bayan zagaye ka ji: wannan na ba da labarin turi uku da ya yi a rami na 9, wancan na ƙirga ƙwallayen da ya zubar a ruwa, kowa na neman ya fi ɗan'uwansa rashin sa'a. Duk labarin da ka maimaita, ƙara kafa shi kake yi. Ni da waɗanda nake wasa da su mun ɗauki wata ɗabi'a: kafin kowa ya kawo kuka, sai ya faɗi bugunsa mafi kyau na ranar, sauran kuma su ƙara masa da abin da suka gani. Sau da yawa aboki na tuna maka da wanda kai ka riga ka manta. In yaro kake koya wa wasan, wannan ya zama tambayarka ta farko in ya dawo, kafin ka tambaye shi maki nawa ya yi.

Wannan zai iya maye gurbin atisaye ko malami?

Ba zai iya ba. Tunani na fito da abin da hannu ya riga ya iya, ba ya ƙirƙiro abin da babu. In riƙonka ba daidai ba ne, ko kullum ƙwallonka na lanƙwasa dama, malami za ka nema. Haka kuma fizgar hannu da 'yan golf ke kira yips, wadda Langer ya yi fama da ita sau da yawa a rayuwarsa ta wasa, ba kullum ce matsalar zuciya zalla ba. A wasu mutane akwai hannun jijiyoyi a ciki, kuma sauya riƙo ko sauya sandar turi kan fi kowane hoton zuci amfani. Shi Langer ta hanyar sauya riƙo da sanda ya yi ta fita, ya kuma ci Masters sau biyu, a 1985 da 1993.

Alaƙar da ke tsakaninsu ita ce atisaye ne ke samar da kayan ajiya. Shi ya sa ba na son ganin mutum a filin atisaye yana ta watsa ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya ba ya ko kallon inda suka sauka. In ɗaya ta fito tsaf, dakata, ka ba ta daƙiƙa goman nan kafin ka jawo ta gaba.

Yaushe zan fara ganin canji?

Ya danganta da yawan wasanka da kuma yadda ka riƙe rubutun. Abin da ke fara sauyawa ba maki ba ne. Za ka lura mummunan rami ɗaya ya daina jan biyu a bayansa, kuma tafiyar da ke tsakanin bugu da bugu ta yi sauƙi. In kana fita sau ɗaya a mako kana rubuta uku, cikin wata uku kana da bugu kusan 40 a littafi. Daren da za ka shiga gasa, buɗe shi ka karanta biyar ko shida, ka zaɓi wanda za ka tsaya da shi a rami na ɗaya, ka sa littafin a aljihun jaka kusa da safar hannu.